Ɗura da Lallashi: Matsalar Ƙin Cin Abinci ga Yaron Yaye a Ƙasar Jahun

Gabatarwa

Daga cikin koke-koken da ake ji a bakin matan aure a ƙasar Hausa, da wuya a sami wanda ya kai wannan yawa: "Yaron nan ba ya cin abinci." Ana jin sa a tsakar gida, ana jin sa a gidan suna, ana kuma jin sa a layin awo a asibiti. Galibi yaron da ake magana a kansa bai wuce shekara ɗaya zuwa uku ba, watau yana dab da yaye ko kuwa bai daɗe da barin nono ba. An dama kunu ya kau da kai, an cusa masa lomar tuwo ya tofar, an kai masa cokali baki ya damƙe haƙora. Uwa ta yi lallashi ta gaji, ta yi tsawa ta gaji, daga ƙarshe sai a kira wata dattijuwa ta zo ta yi masa ɗura.

A ƙasar Jahun, da ma sauran garuruwan masarautar Dutse irin su Miga da Kiyawa da Buji, wannan al'amari ya wuce a ɗauke shi da wasa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa kashi 64 cikin ɗari na yaran Jihar Jigawa 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, watau tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, alhali a Nijeriya baki ɗaya kashi 37 ne. A 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a sashen haihuwa na babban asibitin Jahun domin a ceci uwa da jariri a lokacin naƙuda. To, abin takaici ne ƙwarai a sha wahalar fito da yaro duniya lafiya, sa'an nan a zo a rasa shi a bakin ƙwaryar kunu. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ƙin cin abinci iri-iri ne, kowane iri da maganinsa, kuma ɗura ba ta cikin magungunan ko ɗaya daga cikinsu.

Yaye a Al'adar Bahaushe

Kafin a zargi yaro da taurin kai, ya kamata a dubi halin da yake ciki. A bisa al'ada, yaye rana ɗaya ake yin sa. Da safe yaro ya sha nono kamar kullum, kafin la'asar an goya shi an kai shi gidan kakarsa ko wata gwaggo, wani lokaci ma a wani ƙauye dabam, daga Aujara zuwa Harbo ko daga Gunka zuwa cikin Jahun. A can za a ba shi rubutun dangana, ya yi kwana bakwai ko fiye ba tare da ya ga uwarsa ba. Idan kuwa ba a kai shi ko'ina ba, sai a shafa wa nonon abu mai ɗaci domin ya ƙyamace shi. Ke nan a yini guda an raba shi da abincin da ya fi sani, da ƙirjin da yake barci a kai, da fuskar da ya fi aminta da ita. Babba ma idan aka yi masa irin wannan rabuwa yakan kasa cin tuwo. Ina ga wanda bai iya magana ba?

Wannan al'ada tana da nata hikimar, domin kaka tana da haƙuri da sanin raino, kuma wasan da ke tsakaninta da jika, inda take kiran namiji "maigidana" ta kira mace "kishiyata", yakan sanyaya wa yaro zuciya. Inda gizo ke saƙa shi ne gaggawar abin, musamman idan uwa ta yi kwanika. Da zarar an gane tana da ciki sai a cire yaro daga nono nan take, ko da watansa goma ne, bisa imanin cewa nonon ciki guba ne. Likitoci ba su sami wannan guba ba, kuma mai ciki lafiyayya tana iya ci gaba da shayarwa. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 ta Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma shawararta ke nan: nono zalla wata shida, sa'an nan nono tare da abinci har shekara biyu ko fiye.

Wannan matsala ba ta Hausawa ce kaɗai ba. A 1935 wata likita mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a Ankara ta ƙasar Gana ta yau, ta shigar da kalmar kwashiyoko cikin littattafan likitanci. Daga harshen mutanen Ga ta aro ta, kuma ma'anarta ciwon da ke kama yaron da ƙanensa ya ture shi daga nono. Mutanen Ga sun lura da abin da Bahaushe ya lura da shi a kan ɗan kwanika. Bambancin kawai shi ne likitar ta gano cewa laifin yana ga tsinkakken kunun masarar da ya maye gurbin nonon.

Ire-iren Ƙin Ci

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Idan aka duba da kyau, za a iya kasa ƙin cin abinci gida uku.

Na farko shi ne na ɗabi'ar shekaru. Jariri yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku a shekarar farko, amma a shekara ta biyu abin da yake ƙarawa bai wuce kilo biyu zuwa uku ba. Da girma ya rage gudu sai buƙatar abinci ta ragu, uwa kuwa tana nan tana auna shi da cin da ta saba gani. Daɗin daɗawa, a wannan lokaci ne yaro ke fara gane cewa yana da ra'ayin kansa, kuma "a'a" tana cikin kalmomin da yake fara riƙewa. A lokacin ne kuma tsoron baƙon abinci ke tasowa, ya yi ƙarfi tsakanin shekara biyu da shida. Wannan ɗabi'a ce ta ɗan Adam. Ya zo a hadisi cewa an taɓa kawo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, naman damo, sai ya janye hannunsa, ya bayyana cewa bai haramta ba, illa dai babu shi a ƙasar mutanensa. Alamar wannan iri na ƙin ci a fili take: yaro yana wasa, yana dariya, yana barci, awonsa yana hawa, yau ya ci da yawa gobe ya ɗan taɓa.

Na biyu shi ne wanda tsarin gida ke haddasawa. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya da rabi bai fi ya ɗauki cikin kofin shayi ɗaya da ɗan ɗoriya ba a zama guda. Idan aka cika wannan ɗan wuri da tsinkakken koko, ko ruwan shayi, ko lemon leda da alawa da biskit ɗin da yayyensa suka saya masa a bakin zaure, ina tuwo zai shiga? Sa'an nan ga yaji. Miyar da aka yi don harshen maigida ita ake ba yaro, ta ƙona masa baki sau ɗaya, daga nan ya ɗauki gaba da duk abin da ya fito daga tukunyar. Ga kuma cin taro. Ana zuba wa yara a kwano ɗaya, ɗan shekara biyu da ɗan shekara takwas, kafin ƙaramin ya gama juya loma ɗaya a baki manyan sun suɗe kwanon. Uwa ta ga kwano wayam ta ɗauka kowa ya ƙoshi. Har ila yau akwai lokaci: sau da yawa tuwon dare ba ya sauka sai bayan isha'i, sa'ad da barci ya riga ya ci ƙarfin yaron.

Na uku, wanda ya fi haɗari, shi ne na ciwo. Zazzaɓin cizon sauro da ke yawaita da damina, da gudawa, da ƙurajen baki, da ciwon kunne, da tsutsar ciki, da ƙarancin jini, duk suna kashe sha'awar abinci. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna kashi 68 cikin ɗari na yaran Nijeriya 'yan wata 6 zuwa 59 suna da ƙarancin jini. Ita kanta tamowa idan ta yi nisa takan ɗauke wa yaro jin yunwa, ya zama rashin ci ya kawo rama, rama ta ƙara rashin ci. A nan ne kalmar "haƙori" ke yin ɓarna, domin kusan duk ciwon da ya sami yaro a wannan shekaru sai a ce haƙori ne, a zauna ana jira ya fito. Fitowar haƙori tana iya sa yaro ƙyuya da dalalar miyau na 'yan kwanaki, amma ba ta kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa ta mako guda.

Ɗura da Illolinta

Ita kalmar ɗura ta isa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. Gora ake ɗura wa ruwa, kwalba ake ɗura wa mai, watau abin da ba shi da rai kuma ba shi da ta cewa. Yadda ake yin ta sananne ne. A kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwansa da ƙafafunsa, a tara tafin hannu a bakinsa a zuba kunu, a toshe masa hanci. Da numfashi ya ƙure masa sai ya buɗe baki neman iska, kunu ya wuce. Ana gamawa a ɗaga shi a jijjiga, a ce ya sha ya ƙoshi.

Illa ta farko a jiki take. A maƙogwaro hanya biyu ce, ta abinci da ta iska, kuma yaron da ke kuka yana fizgar numfashi hanyar iskarsa a buɗe take. Kunu kan iya bin ta ya shaƙe shi nan take, ko ya gangara huhu ya zama ciwon huhu bayan kwana biyu, a yi ta neman dalili a wajen sanyi ko iskoki. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Haka nan tafin hannun da ba a wanke da sabulu ba ƙofa ce ta gudawa. Kuma tun da kunu mai kauri ba ya ɗuruwa, dole a tsinka shi da ruwa, ciki ya cika tim amma abin gina jiki kaɗan ne ya shiga.

Illa ta biyu a zuciya take, kuma ta fi daɗewa. Yaron da aka saba yi wa ɗura da ya hangi ƙwarya sai ya fara kuka, domin ya haɗa abinci da azaba. Ke nan ɗurar yau ita ke haifar da ƙin cin gobe, a sake yin wata ɗurar. Masana a wasu ƙasashe sun gwada wannan. A wani bincike da Leann Birch da abokan aikinta suka buga a Amurka a 2006, an ba ƙananan yara miya iri biyu, ana matsa musu su shanye ɗaya, ɗayar kuwa ba a ce musu kome. Sai aka ga sun fi shan wadda ba a matsa musu a kanta ba, kuma sun fi kushe wadda aka matsa musu. Wannan fa matsi ne na fatar baki kawai, babu danniya babu toshe hanci.

Masu kare ɗura suna da hujjarsu, kuma bai kamata a raina ta ba. Sukan ce da ita aka raine su ga su nan da ransu, kuma uwar da ke da daka da surfe da ɗiban ruwa da kiwon awaki ba ta da sa'a guda ta zaman lallashi. Sukan ƙara da cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, don haka ba a bar wa ɗan shekara biyu hukuncin cikinsa. Gaskiya ne tsoron rasa yaro ne ke sa dattijuwa ɗura, ba mugunta ba. Amma waɗanda suka rayu ne ke ba da labari, waɗanda kunu ya shaƙe ba a jin ta bakinsu. Game da lokaci kuwa, kwana goma na jinya a asibiti ya fi minti ashirin na lallashi cin aiki da cin aljihu. Hujja ta ukun tana da rabin gaskiya: babba ne ya san abin da ya dace a ci da lokacin da ya dace, amma yaron ne kaɗai ke jin inda cikinsa ya tsaya. A kan wannan rabon aiki wata masaniyar abinci ta Amurka, Ellyn Satter, ta gina koyarwarta tun shekarun 1980.

Akwai wasu magunguna biyu da ke tafiya tare da ɗura. Ɗaya shi ne kai yaro ga wanzami a cire masa belu, bisa zaton shi ke hana haɗiya. Abin da ke biyo baya shi ne zubar jini da rauni a maƙogwaro, yaron da dā yake ɗan taɓa abinci ya daina gaba ɗaya. Na biyu shi ne ruwan maganin cin abinci da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Da yawa daga cikinsu asalinsu maganin ƙaiƙayi da atishawa ne masu sa barci, ba a yarda a ba ɗan ƙasa da shekara biyu ba, kuma sukan rufe ciwon da ya kamata a gano da wuri.

Tsakanin Ɗura da Sakaci

Barin ɗura ba ya nufin a tura wa yaro kwano a tafi. Tun a 1939 wata likita, Clara Davis, ta ba da rahoton yara 15 da aka riƙa jera wa abinci iri-iri ana barin su su zaɓa, kuma duk suka girma lafiya. Amma duk abin da aka jera musu mai gina jiki ne, babu alawa a ciki, kuma akwai masu jinya zaune tare da su. A ƙasar da tamowa ta yi yawa, yaron da aka bari shi kaɗai da kwano yana cikin haɗari kamar wanda ake danne wa. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a ƙa'idojinta na 2003 shi ne hanya ta tsakiya: a zauna da yaro, a ba shi a hankali cikin haƙuri, a ƙarfafa masa guiwa, kada a tilasta masa.

A aikace, abu na farko shi ne yaro ya sami kwanonsa na kansa, domin a san abin da ya shiga cikinsa. Ya zauna tare da yayyensa, don gani yana jawo sha'awa, amma rabonsa dabam. A ɗebar masa miya kafin a zuba yaji. A zuba kaɗan, idan ya cinye a ƙara, gama tulin tuwo yana karya wa yaro zuciya. A bar shi ya sa hannunsa bayan an wanke shi, ko da zai ɓata riga. Ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar cin abinci sau uku ko huɗu a yini, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani, kuma a ba shi na dare tun kafin magariba. Idan an yi kamar minti ashirin ko talatin ya ƙi, a ɗauke kwanon ba tare da faɗa ba, kada kuma a maye gurbinsa da biskit. Birch ta nuna a 1991 cewa ko da cin yaro ya bambanta ƙwarai daga zama zuwa zama, jimlar abin da yake ci a yini ba ta cika sauyawa ba, watau abin da ya bari da rana yakan rama da yamma.

Abu na biyu shi ne naci ba tare da faɗa ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ba yaro kabewa sau biyu ya tofar, a yanke hukunci cewa ba ya son ta har abada. Gwajin da aka yi da yara 'yan shekara biyu a 1982 ya nuna cewa yawan ɗanɗana baƙon abinci yana ƙara son sa, kuma sau da yawa sai an kai sau goma ko fiye kafin yaro ya karɓa. Da yayyafi kogi kan cika. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Gidan da manya ke yatsina fuska a kan miyar kuka kada su yi mamaki idan ƙaramin ya ƙi ta.

Abu na uku shi ne a sa kowace loma ta yi nauyi, tun da lomomin kaɗan ne. Kunun da ya dace da yaro shi ne mai kaurin da ba ya zuba idan an karkata cokali. A zuba masa garin ƙuliƙuli ko dakakkiyar gyaɗa ko riɗi, da ɗan man gyaɗa ko manja, ko kindirmo. Idan kaurin ya dame shi, ɗan garin tsiron dawa ko gero yakan sassauta kunu ba tare da an ƙara ruwa ba. Garin da ake haɗawa da gero da waken suya da gyaɗa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira Tom Brown, kowace mace tana iya soya shi ta kai inji. Masana sun kasa abincin yaro gida takwas, suka ce ya sami aƙalla biyar a yini: nonon uwa, hatsi da dankali da rogo, wake da gyaɗa, nonon shanu, nama da kifi, ƙwai, ganye da kayan marmari masu launin ja ko ruwan ɗorawa kamar zogale da kabewa da mangwaro, sai sauran kayan lambu. Babu ko ɗaya a cikinsu da ba a samu a ƙasar Dutse, daga fadamun kogin Haɗeja zuwa kasuwar Shuwarin. Alale da faten wake da dambun zogale da dabinon Dutse da aka cire wa ƙwallo sun fi duk abin da ke cikin leda. Camfin nan na cewa yaron da ke cin ƙwai zai yi sata ya kamata a binne shi, domin sau da yawa ƙwan da ake kaiwa kasuwa a sayo biskit da kuɗinsa ya fi biskit ɗin amfani nesa ba kusa ba. Gyaɗa da aya kuwa kada a ba shi su ɗungum, saboda shaƙewa.

Abu na huɗu shi ne sanin lokacin da lallashi ya ƙare, asibiti ya kama. Idan ƙin ci ya zo da zazzaɓi, ko amai, ko gudawa, ko yaro ya daina wasa, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ko ya ƙi nono da ruwa, to ba a kwana. Ma'aikatan lafiya suna auna damtsen yaro da wani zare mai launi uku. Idan bai kai santimita 11.5 ba, ya faɗa ja, tamowa ce mai tsanani. Maganinta wani haɗin gyaɗa ne da madara da mai da sukari, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1996, aka kuma yi amfani da shi ga dubban yara a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Abin lura a nan shi ne, kafin a sallami yaro da wannan abinci sai an gwada ko zai ci da kansa. Idan ya ci, a ba uwa ta tafi gida da shi. Idan ya ƙi, sai a kwantar da shi. Ashe ƙin ci saƙo ne da likita ke karantawa, ɗura kuwa toshe bakin ɗan saƙon take yi. Yaron da ya tashi daga ciwo kuma a ƙara masa zama ɗaya na abinci kullum har mako biyu, don ya mayar da abin da ya zube.

Rabon Maigida da Hukuma

Zalunci ne a ɗora wa uwa wannan kaya ita kaɗai. Sau da yawa yarinya ce ƙarama a gidan surukai, ga kunyar ɗan fari da ke hana ta nuna damuwa a kansa a gaban mutane, ga uwar miji da maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Idan aka ce mata, "Ke yarinya, kawo shi nan, ba ki iya ba," ba ta da bakin musu. Saboda haka wayar da kan da ya tsaya ga matan da ke zuwa awo bai kai inda hukunci yake ba. Sai an kai shi ga kakanni da ungozomomi da wanzamai, sai limamai sun faɗe shi a wurin raɗin suna. Maigida kuwa shi ke cefane, shi ke yanke shawarar buhun wake nawa za a sayar da kaka, nawa za a bari. Mutumin da ke tsayawa teburin mai shayi a soya masa ƙwai biyu, ɗansa na gida yana shan koko tsura, ba shi da bakin cewa yaron ya cika tsirfa.

Talauci kuma gaskiya ne, musamman tun tashin farashin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023. Amma an ga abin da taimako kaɗan ke iya yi. Tsakanin 2013 da 2019 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger sun gudanar da wani shiri a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa, da Anka da Tsafe a Zamfara, inda aka riƙa ba mace kuɗi kowane wata, Naira 3,500 da farko, tun tana da ciki har ɗanta ya cika shekara biyu, tare da koyar da ita da mijinta yadda ake ciyar da yaro. Binciken da ya biyo baya ya nuna tsumburewa ta ragu a tsakanin yaran. Kuɗi da ilimi aka haɗa, kuma darasin da ke ciki ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ke nan.

Kammalawa

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa, amma mai tanƙwarawa da ƙarfin tsiya karya shi yake yi. Yaron da ya kau da kai daga ƙwarya yana faɗin ɗaya daga cikin abu uku ne: ya ƙoshi, ko abincin da yadda ake ba shi ba su yi masa ba, ko kuwa ba shi da lafiya. Na farko haƙuri yake so, na biyu gyaran tukunya da tsarin gida, na uku asibiti. Al'adar Bahaushe tana da kayan aikin duka a hannunta: wasan kaka da jika, da waƙoƙin raino, da cin abinci cikin jama'a, da rumbun da ke da gero da wake da gyaɗa. Abin da ya rage shi ne a yi yaye sannu a hankali, a ajiye ɗura inda aka ajiye sauran al'adun da aka gane cutarsu ta fi amfaninsu, a kuma riƙa kai yara awo ko da lafiyarsu ƙalau. Allah ya raya zuriya, ya ba iyaye haƙurin raino da abin ciyarwa, amin.